Kawu Ranald da Taken Rakiya

Kawu Ranald ɗan Finlay bai taɓa yin wani abu da sauri ba a rayuwarsa, in ka ɗauke shan shayi. Aikinsa cike ramukan hanya ne a tsibirinmu na Uist ta Kudu, shi da shebur da baro da garwar kwalta, kuma duk mai motar da ya taɓa tsayawa jiran ya kauce zai ba ka labari. Sai ka tarar da shi tsakiyar hanya ya jingina da shebur, ido a lumshe, yatsunsa na tashi suna sauka a kan ƙotar, bakinsa na motsi. Ka danna hon har ka gaji. Zai ɗaga maka hannu ɗaya alamar ya ji, amma ba zai gusa ba sai ya kai ƙarshen abin da yake rerawa. Mutane sun saba, har direban motar wasiƙu kan kashe inji ya kunna taba.

Ƙanen mahaifiyata ne. Bai yi aure ba, haka ma yayarsu, Inna Peigi, don haka su biyu suka zauna a gidan da aka haife su, da saniya biyu da 'yan tumaki da wani kare mai jin tsoron kaji. Inna Peigi ta girme shi, kuma ba ta bar shi ya manta ba ko sau ɗaya. Yana da furfura har a gira tana ce masa "yaron nan".

Algaitarsa ta gado ce, irin tamu mai jakar iska da ake matsawa a hammata. Jakarta fatar tunkiya, bututun gunji uku da ke kwantawa a kafaɗa sun yi baƙi sun yi sheƙi don tsufa. A wurinmu busa iri biyu ce. Akwai ƙaramar busa, ta rawa da biki da maci, wadda kowa ke so. Akwai kuma babbar busa, wadda take ɗaya kan ɗauki lokacin da dankali zai dahu har ya fara fashewa. Kawu babbar kawai yake yi. In aka roƙe shi a wurin biki ya busa abin rawa, sai ya ce, "Ku nemi yara, ni ƙafata ba ta san wannan hanyar ba."

Kowane take na babbar busa yana farawa ne da sashen da muke kira daɓe, a hankali, mai busa yana takawa kamar mai raka tsohuwa coci. Daga nan a riƙa ɗora masa ado, wani bisa wani, yatsu na ƙara sauri, har a kai ga na ƙarshe kuma mafi wuya, wanda muke kira kambi. In an gama kambi ba a tsayawa. Sai an sauko an sake busa daɓen nan na farko, sannan a sauke algaita. Kawu yana kiran wannan mai da take gida, kuma a wurinsa babu rashin mutuncin da ya kai a ɗauko take a yar da shi a hanya.

Ni dai ina yarinya ban ga abin so a ciki ba. Kafin ma ya fara sai ya ɓata rabin yamma yana murɗa bututun nan yana saurare, ya murɗa, ya saurara. Kuma kullum a gindin tagar kicin yake tsayawa, duk faɗin filin da Allah ya ba mu.

"Ga shi nan zai fara shaƙe tunkiyar tasa," in ji Inna Peigi. "Marsali, rufe tagar nan kafin madara ta tsinke."

In na tashi zan rufe kuma sai ta ce in bari, hayaƙi ya yi yawa. Yana cikin busa, can sai ka ji ta buga murfin tukunya, ƙwal! Kawu ya ɗan yi turus, ya koma baya kaɗan, ya sake ɗaukowa. Na ɗauka tsabar tsokana ce, ina jin daɗi an rama mini.

Cikin duk takensa akwai guda da ba na kowa ba ne sai gidanmu. Taken rakiya muke ce masa. Daga baki zuwa kunne ya sauko, kakanmu Finlay ya karɓa wurin nasa uban, ya ba Kawu. Ba a binne ɗan gidanmu sai da shi. Ana fara shi a ƙofar maƙabarta, a mai da shi gida daidai lokacin da ake jera ciyawa a kan kabari.

Na haura arba'in lokacin da mahaifiyata ta rasu. Na daɗe a Glasgow ina aikin girki, mijina ya riga ya rasu, 'ya'yana sun kama gabansu. Na dawo jana'iza da niyyar komawa. Ranar da aka ɗauko ta, maza na karɓa-karɓa da akwatin kamar yadda aka saba, Kawu na gaba. A ƙofar maƙabarta ya fara daɓen nan. Akwai wata murya guda da yake riƙewa, ya riƙe, ya riƙe, har ka ce ya manta da ita, sannan ya sake ta a hankali. Tun da aka yi rasuwar ban yi kuka ba sai a wurin nan. Abin da nake toshe wa kunne tun ina yarinya, ashe shi ne kaɗai ya san abin da ke cikina.

Da aka watse muka zauna a kicin mu uku. Kawu yana goge algaita da tsumma, yana haki fiye da yadda na san shi.

"To, na raka Morag," in ji shi. Sunan mahaifiyata ke nan. "Peigi ma in ta riga ni zan raka ta, ko tana so ko ba ta so. Ni ne dai ban san wa zai raka ni ba."

"Ina yaran da ka koya wa?" na tambaye shi.

"Wasu suna teku, wasu suna Kanada. Waɗanda suka rage kuma sun koma busa wa 'yan mata abin rawa. Ko ɗaya bai wuce ado na biyu ba."

"Ina za su wuce," in ji Inna Peigi, "kana riƙe yaro a wuri ɗaya har gemu ya fito masa?"

Ban san lokacin da bakina ya ce, "To ni fa, Kawu?" ba. Rabi wasa nake yi. Inna Peigi, da ke zuba shayi, ta ci gaba da zubawa har ya cika kofi ya malala a tebur. Kawu ya dube ni, ya dubi hannuwana.

"Yatsun masu murza ƙullu ne," in ji shi. "Za su yi. Ki zo bayan an tatsi saniya."

Haka na fasa komawa Glasgow. Na sami aikin dafa wa 'yan makaranta abinci, da yamma kuma ina gidan Kawu.

Na zaci zai miƙo mini algaita. Ko sarewar koyo, 'yar siririyar nan da ake fara motsa yatsu a kanta, bai bari na taɓa ba. Da baki ake fara koyon babbar busa. Kowace murya da kowane kaɗa yatsa yana da sunansa a rerawa, malami ya rera, kai ma ka rera. Sai ga ni, mace da jikoki a hanya, zaune a kan benci ina "hiharin, hodro, hinda" kamar mai koyon magana. Kawu ya ce abin da bai zauna a maƙogwaro ba, ba zai zauna a yatsa ba.

Sanyi ya zo ya wuce muna kan daɓe. Aka ba ni sarewa, muna kan daɓe. Aka yanke mini jaka daidai hammatata, na koyi cika ta da iska ba tare da jiri ya kwashe ni ba, har yanzu muna kan daɓe. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba. Wata rana na dangwarar da sarewar a tebur.

"Kawu, don Allah me ya rage? Ko akwai inda na kuskure?"

"Babu. Duk muryoyin suna nan."

"To mu wuce mana!"

"Suna nan, amma kina koro su kamar tumaki. Wa ke bin ki, Marsali? Wanda ake busa wa ai ba ya sauri, ya riga ya isa."

"Ni dai ina ga so kake in mutu a daɓen nan, a busa mini shi."

"Wa zai busa miki? Ni na tsufa."

Inna Peigi ta yi dariya har da tari. Na ɗauki mayafina na fita ina rantsuwar ba zan dawo ba, na kuma dawo washegari da gurasar da na gasa masa.

Ranar nan bai ce in rera ba. Ya ja ni muka gangara bakin teku ta cikin gonakin yashi, muka zauna a kan wani jirgin ruwa da aka kife. Ya ce in dubi igiyar ruwa in ta hau yashi. Tana hawa, ta tsaya ɗan tsayawa, sannan ta ja da baya.

"Wannan tsayawar nake nema," in ji shi. "Ba ni zan faɗa miki tsawonta ba. Kowacce da nata."

Muka zauna har sanyi ya shiga ƙashina. Ban ce na gane a ranar ba. Amma bayan 'yan kwanaki ina busa daɓe a gindin tagar kicin, na riƙe muryar nan, na ji ba na son sakin ta, na jira har ita da kanta ta nemi tafiya. Da na sauke algaita Kawu ya shiga neman hankicinsa. Murfin tukunya ma bai yi ƙara ba.

Daga nan ya fara sakar mini ado, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ba da maganin da ake tsoron ya yi yawa. Shekaru suka tafi a haka. Na so mutumin nan ƙwarai, duk da ba ranar da bai ba ni haushi ba. In na yi daidai sai ya ce, "Ba laifi." In na yi kyau sosai sai ya ce, "Kakanki da ya ji wannan da bai fita daga ɗakin ba." Iyakar yabonsa ke nan, kuma na fi jin daɗinsa fiye da duk wanda aka taɓa yi mini.

Saura kambi kaɗai. Na sha jin sa a jana'iza, amma yatsu na gudu a wurin, kunne ba ya iya tsinto shi sai an warware maka a hankali da baki. Kullum na tambaya sai ya ce akwai lokaci.

"Yaron nan, ka ba ta abin nan," in ji Inna Peigi wata rana. "Kana tsammanin kai za ka ga ƙarshen duniya?"

"Ado na ƙarshe bai zauna ba tukuna, Yaya. In ya zauna zan ba ta."

"In ya zauna! Kai ma haka Baba ya yi maka, ka ga kuwa daɗin da ka ji."

"Ai na ji daɗin," in ji shi, yana hura shayinsa.

Da bazara, ranar da aka fita yankan ƙasar fadama da muke busarwa mu yi wuta da ita, Kawu ya sunkuya zai ɗaga wani yanki, sai ya kife. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bayan an yi jinyarsa a asibiti aka dawo da shi gida, aka sa masa gado a kicin kusa da murhu. Hannun dama ya mutu, magana ta tafi. Ko ruwa yake so sai dai ya nuna.

Hankalinsa kuwa garau. Sai ya dubi akwatin algaita, ya dube ni, hawaye ya gangaro ta gefen fuskar da ke motsi. Na san abin da ke cin sa, don ni ma shi ke cina. Mutumin da ya raka kowa zai tafi da rabin rakiya, take a yashe a hanya, kuma daga kansa taken ya ƙare ke nan. Na gwada dabara. Na zauna a bakin gadon na rera ado na ƙarshe, na tsaya daidai inda kambi zai shiga, ko bakinsa zai ɗauka da kansa. Ya buɗe baki, jijiyar wuyansa ta tashi, ba abin da ya fito sai wani gurnani. Ya juya fuska bango. Haushinsa ya kama ni, tausayinsa ya fi, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Na sake rerawa, na sake tsayawa. Inna Peigi tana wanke kwanuka, ta ba mu baya. Sai na ji an ɗauka daga inda na tsaya. Murya ce siririya, tsohuwa, amma kowane kaɗa yatsa yana fita a sarari kamar ana ƙirga wake. Hannunta na cikin ruwan wanke-wanke ta rera kambin nan tun daga farko har ƙarshe, ta sauko daɓe, ta mai da shi gida. Sannan ta ɗauraye kofi ta kife.

"Inna!" na ce. "Ke?"

"Ni mana. Da wa?"

"Yaushe kika koya?"

"Lokacin da ake koya wa wancan." Ta nuna gadon da haɓa. "Nan Baba ke zama, shi yana can, ni ina bakin murhu ina gyaran ulu. Kafin ya kama layi ɗaya na kama uku. Kan yaron nan kamar dutse yake."

Daga gadon aka yi wani sauti. Dariya Kawu yake yi, da rabin baki.

"To me ya hana ki busawa?"

Ta goge hannu a zanen gabanta, ta daɗe tana gogewa. "Sau ɗaya na ɗauki sarewar Baba. Ya shigo ya same ni. Bai daka mini tsawa ba, ya dai zare ta daga hannuna ya ce in je in duba kaji. A lokacin ba a ba mace. Shi ke nan, na je na duba kaji."

"Kawu ya san kin iya?"

"Kina tsammanin don me yake tsayawa a gindin tagata? Duk faɗin tsibirin nan? In ya yi sauri in buga masa murfi, ya koma ya gyara. Tun ran da Baba ya rasu ba shi da mai gyara masa sai ni."

Na dubi Kawu. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ta, ya nuna ni, ya bugi katakon gado sau biyu. Ko ba magana na gane: ku fara.

Haka muka koma makaranta mu uku. Inna Peigi ta rera, ni in bi da sarewa, Kawu yana riƙe mana tafiya da bugun katako. In na kauce ya buga da ƙarfi. Wani lokaci ita ma ya buga mata.

"Kai, kar ka buga mini katako! Haka Baba ke yi."

Ya girgiza kai, ya sake bugawa.

"To ji shi. Baki ya tafi, gardama na nan."

Ta fi shi tsanani nesa ba kusa ba. Shi yakan ce ba laifi, ita kuwa sai ta ce, "Sake. Kin cinye murya ɗaya a tsakiya, kina tsammanin ban ji ba?" Kafin kaka ta ƙare na busa taken rakiya cikakke a gindin taga, an buɗe masa ita don ya ji. Da na shigo na same shi ido a lumshe, yatsun hagunsa na motsi a kan bargo. Ya kama hannuna ya matse. Ya rasu farkon sanyi, da safe, Inna Peigi na ba shi shayi da cokali.

Ranar jana'izar iska ta taso daga teku da ruwa a cikinta, irin wanda ke zuwa a kwance. Inna Peigi ta haura tamanin, gwiwoyinta sun ƙi, kowa ya ce ta zauna a gida. Ta ce a kawo mata sandarta.

Na fara a ƙofar maƙabarta. Daɓe ya tafi lafiya, na riƙe muryar nan yadda yake so. Ado na farko, na biyu, ina takawa a hankali, ruwa na shiga mini ta wuya. Aka saukar da shi, maza suka kama shebur. Na shiga kambi, yatsuna sun ƙage don sanyi amma suna tafiya. Ina tsakiyarsa sai ɗan harshen karan da ke cikin algaitar ya sha ruwa ya shaƙe. Na matsa jaka, na hura, na sake matsawa. Ta yi wani ƙara mara daɗi ta yi shiru. Bututun gunjin ma suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Ba ka jin komai sai iska. Masu shebur suka tsaya. Na tsaya da jaka a hammata kamar wadda aka dasa, hawaye da ruwan sama sun haɗu a fuskata. Fada, limamin cocinmu, ya matso ya dafa kafaɗata.

"Ya isa haka, Marsali. Kin yi ƙoƙari, shi ma ya sani."

"Bai isa ba," in ji Inna Peigi. "Ba a mai da shi gida ba."

Ta miƙa wa Fada sandarta, ya karɓa don bai san yadda zai ƙi ba. Ta gyara tsayuwa, ta ɗauka daidai inda algaitar ta yanke. Tsofaffin da suka yi shekara da shekaru suna jin ta tana zagin busar nan suka saki baki. Ta gama kambi, ta ja numfashi, ta sauko daɓe, ta fara takawa a gefen kabarin a hankali yadda masu busa ke yi, ba sanda. Da ta zo muryar nan ta riƙe ta, ta riƙe, muryarta na rawa, iska na neman ƙwacewa, ba ta saki ba sai da lokacinta ya yi. Mazan suka koma kan shebur ba wanda ya ce musu. Tana kai ƙarshe ana ɗora ciyawa ta ƙarshe.

Ta tsaya tana duban kabarin, tana haki.

"To, yaron nan," in ji ta. "Ka isa gida."

Sannan ta juyo ta karɓi sandarta, ta kama hannuna muka nufi ƙofa. Sai da muka kusa fita ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin cinye ɗaya a ado na biyu. Gobe ki zo bayan an tatsi saniya. Saura tawa rakiyar, kuma ni ba zan tashi in ƙarasa miki ba."